Ƙasar da Sylvanus Ya Zana

Marigayi Sylvanus Bakut mutum ne da ba ya iya ganin zane bai duba bakinsa ba. Ka miƙa masa kalanda, ko katin biki, ko ledar burodi mai hoton alkama, kafin ya karanta abin da aka rubuta sai ka ga ya lanƙwasa takardar, ya haɗa bakin sama da na ƙasa, ya ɗan karkata kai. In ya yi tsaki, to bai haɗu ba ke nan. Matarsa Celina ta ce ranar da aka kawo musu hoton aurensu ma haka ya yi masa, har yau alamar lanƙwasar tana nan daidai wuyanta.

Ba taɓin hankali ba ne, sana'a ce ta bi masa jiki. Shekara ashirin da wani abu ya yi a ɗakin zane na wata masaƙa a Kakuri, yana zana furanni da tsuntsayen da ake bugawa a atamfa. Zanen atamfa kuwa ba a takarda yake ƙarewa ba. Ana sassaƙa shi a jikin wani ƙarfe mai siffar ganga da suke kira rola, ita ke juyawa tana buga shi a yadi, ta zagayo ta sake bugawa. Don haka dole inda zanen ya ƙare ya haɗu da inda ya fara. In ka zana rabin tsuntsu a bakin sama, to sauran rabin yana bakin ƙasa, in ba haka ba yadi dubu zai fito da tsuntsaye marasa kai. Ni Dorcas a ofishin masaƙar nake buga tafireta, wannan bayani na ji shi daga bakinsa ya fi sau hamsin. Ta kunnen dama yake shiga ya fita ta hagu.

Daga wani ƙauye kusa da Zonkwa ya zo Kaduna a 1974, da akwatin ƙarfe da takardar gama firamare. Lebura aka ɗauke shi, yana ɗaure dilolin yadi. Wani babba ya kama shi yana zana zakara a jikin kwali lokacin aiki, maimakon kora sai aka mayar da shi ɗakin zane. Ya yi aure, ya gina ɗaki biyu da baranda a Romi, suka haifi 'ya'ya huɗu. Ba ya shan giya, ba ya zuwa kallon ƙwallo, an taɓa sa shi a ƙungiyar mawaƙan coci aka roƙe shi ya koma benci. In ba don wasan nan ba, da ban san abin da zan rubuta a kansa ba, don mutum ne da ko faɗa bai iya ba.

Wasan ya samo shi ne a 1987, wajen wani Bature injiniya da aka ɗauko ya gyara injin bugawa. Wata uku mutumin ya yi, kaɗaici ya ishe shi, sai ya riƙa tara mutane lokacin hutun rana yana koya musu. Ga yadda abin yake. Mutum ɗaya ne ke riƙe da ƙasa, shi ya san garuruwanta da hanyoyinta da abin da ke bayan kowane tudu. Sauran kowa ya ɗauki mutum guda ya zama nasa, ya ce mutumina zai yi kaza. In abin mai wuya ne, kamar tsallake kogi ko shawo kan sarki, sai a jefa ɗan lido, shi zai yanke. Ba a ci, ba a cinyewa, labari ne kawai ake sakawa tare. Da Baturen ya tashi tafiya ya tattara littattafansa kaf ya tafi da su. Sylvanus ya rage da wasa a ka, babu ƙasar da za a yi shi a ciki.

Sai ya zana tasa. Ya ɗauko babbar takardar aikinsu, mai ƙananan gidaje kamar dara, ya manna ta a kwali mara kauri, ya shekara yana cika ta. Ya sa kogi, ya sa duwatsu, ya sa kurmi, ya ɗiga garuruwa sun fi ɗari. Can sama ya shimfiɗa rairayi, can ƙasa ma rairayi, ya ce hamada ce, wanda ya shiga gida ɗaya kawai zai ci a mako. Babu wanda ya taɓa shiga, me za a je yi? Shi lamba ya ba ƙasar, kamar yadda suke wa kowane zane a masaƙa. Amma atamfa mata ke raɗa mata suna, ba masu zane ba. Celina ta leƙo ta ga ɗige-ɗigen garuruwan ta ce wannan ai zabuwa ce. Sunan ya zauna.

Mu huɗu muke yawo a Zabuwa, kowace Lahadi da rana, a barandarsa. Akwai Wilfred, malamin sakandare, wanda mutuminsa jarumi ne mai takobi, kuma kowace matsala takobin yake fara zarowa. Akwai Ben, direban motar masaƙa kuma dikin, wato mai hidima, a coci, wanda ya zaɓi ya zama ɓarawo, yana kuma yin satar da ƙwarewar da ke sa ni kallonsa idan yana zagayawa da kwanon baiko, wato sadakar coci. Ni a wasan ungozoma ce mai baƙin hali, ban sha wuyar kwaikwayo ba. Sai Malam Tanko, wanda ke ɗaura rola a inji, yana zaune a Makera. Sai ya yi azahar yake hawo kekensa, Celina ta ajiye masa buta da tabarma saboda la'asar. Mutuminsa mai haƙar rijiya ne da jaki guda. Shekara goma sha biyu bai taɓa dukan kowa ba. In mun iso gari ana rigima, Wilfred na zare takobi, shi tambayarsa ɗaya ce: ina mutanen nan ke ɗiban ruwa? Abin haushi, sau da yawa nan ne bakin zaren yake.

Doka ɗaya Sylvanus ya riƙe da ƙarfi. Ba mai motsa mutumin wani. In ba ka zo ba, mutuminka zai tsaya inda ka bar shi, ko ya ci gaba da abin da ka umarce shi har ya gama. Wani lokaci ina fama da zazzaɓi, ungozomata ta yi mako uku tsaye a bakin kasuwa da akuya a hannu.

An taɓa kai ƙararmu wajen fasto, wai ana caca a gidan Sylvanus, har da Musulmi. Faston ya zo da fuska a murtuke, ya zauna ya ga babu ko kwabo a tebur. Kafin ya tafi yana gardama da Wilfred a kan ko gada za a gina ko kwalekwale za a nema.

Kada a ɗauka Zabuwa ba ta da aibu. Tana da shi, ni ce kuma na fi kowa faɗa. Komai a kan Sylvanus yake. Ka tambaye shi wa ke sarautar garin can, sai ya ce a ba shi mako guda. Ya dawo da sarki mai kama da shugaban sashensu sak, har da yadda yake sosa kunne da biro. Dodanninsa duk suna da fure a jiki, don hannunsa ya saba. Yau ya ce tafiyar kwana uku ce tsakanin gari kaza da gari kaza, bayan wata shida ta koma biyar, in ka yi magana ya ce damina ce. Ba inda za ka kai ƙara. Shi ma ya sani, kuma abu ɗaya da yake tsoro a duniya, bayan Celina, shi ne ranar da za mu gaji mu ce a naɗe Zabuwa a ajiye.

Ranar ta zo a 1999, shekarar da soja suka koma bariki. Wilfred yana da ƙane da ya gudu ƙasar waje zamanin soja saboda rubuce-rubucen da yake yi, da aka rantsar da farar hula ya dawo da tsaraba. Cikin tsarabar akwai wani littafi mai kauri kamar Littafi Mai Tsarki na kan bagaden coci, da taswira mai sheƙi, da 'ya'yan lido masu fuska ashirin. Ƙasa ce sukutum, wasu mutane a can suka zauna suka tsara, aka buga ake sayarwa. Sarakunanta na shekara dubu uku duk a rubuce. Kowane gari da yawan mutanensa, da abin da suke ci, da wanda suke gaba da shi.

Wilfred ya dire shi a tebur, a kan Zabuwa.

"Oga Sylvanus, ba raini ba," in ji shi. "Amma zamanin dokar soja ya wuce. Kai ne gwamna, kai ne alƙali, kai ne mai faɗin ko an yi ruwa. Wannan kuwa kundin tsarin mulki ne. In ka ce kwana biyar, sai mu buɗe shafi mu gani."

Sylvanus ya ɗauki taswirar ya ɗaga ta a rana, ya ƙirga launukan da leɓe. "Launi shida," ya ce, "kuma ba wanda ya hau kan wani. Masu aikin nan sun san aiki." Daga nan ya yi abin da ya saba, ya lanƙwasa ta ya haɗa bakin sama da na ƙasa. A sama ƙanƙara ce, a ƙasa teku. Ya yi tsaki a hankali ya ajiye.

"Bai haɗu ba," ya ce.

"Abeg, taswira ce, ba zanin ɗaurawa ba," in ji Ben. Muka yi dariya, har da ni.

A shekarar nan kowa a Kaduna zaɓe yake so. Ƙungiyar mata ta coci ma sai da aka kaɗa ƙuri'a a kan kalar ashobi, wato anko. Don haka Wilfred ya ce a yi zaɓe tsakanin littafi da Zabuwa. Celina ta wanko gwangwanin madara ta zama alƙaliya. Sylvanus ya ce mai riƙe da ƙasa ba ya zaɓe. Muka rubuta a ɓoye, muka jefa. Uku littafi, ɗaya Zabuwa. Asirin ɗayar bai rufu ba, don da ajami aka rubuta ta.

Ni littafi na zaɓa, kuma ba zan ce ruɗa ni aka yi ba. Na gaji da dodanni masu fure. Ina so in ga dusar ƙanƙara ko da a baki ne.

Tanko ya ce, "Madam Dokas, ni Turancina na inji ne. A littafin nan sai abin da Malam Wilfred ya karanta ya juya mini. A Zabuwa kuwa ba rijiyar da ban san zurfinta ba."

"Za ka saba, Malam Tanko," na ce masa. Iyakar abin da na ce ke nan.

Aka yarda a yi zama ɗaya na sallama, kowa ya ajiye mutuminsa inda yake so. Ƙarshen watan Yuli ne. Wilfred ya naɗa jaruminsa sarki a wani gari na kudu, Ben ya sa ɓarawonsa ya tuba ya buɗe shago a garin, ni ma na zaunar da ungozomata kusa da su don in ci gaba da yi musu masifa. Da aka zo kan Tanko, sai ya sa yatsa a bakin hamadar arewa.

"Nawa ya ɗaure jarkokinsa a jaki, ya shiga nan. Ya yi ta tafiya arewa har sai rairayi ya ƙare."

"Haba Malam, ai takardar ce za ta ƙare," in ji Wilfred. "Fushi ne?"

"Ka ji abin da na ce, Malam Silba?" Haka Tanko yake kiran Sylvanus.

"Na ji," in ji Sylvanus. Ya soka allura mai jan kai a gidan farko na hamadar, ya rubuta kwanan wata da fensir a gefe, ya ɗauke kwalin ya shiga da shi ɗaki. Na ɗauka Tanko ya aika mai rijiyarsa ya mutu ne don ya huce haushi, har na ce a raina abin bai kai haka ba.

Littafin kuwa, a faɗi gaskiya, ya yi daɗi. Gardama ta ragu, don da an fara sai a buɗe shafi. Akwai wani birni a cikinsa da aka gina a kan gadoji, na yi mako biyu ina mafarkinsa. Sylvanus ya ci gaba da riƙe mana ƙasa da amana, yana karanta darasinsa tun Asabar kamar mai shirin jarrabawa, yana ja wa layuka da jan biro. Sai dai ya daina kwaikwayon muryoyi. A Zabuwa in sarki zai yi magana, Sylvanus har tsayuwa yake yi. A littafi karantawa yake, yatsa a kan layi. Tanko ya ɗauki wani sabon mutum da Wilfred ya zaɓa masa, maharbi, yana zuwa, yana jefa ɗan lido in an ce ya jefa. Sau ɗaya ya tambayi inda mutanen birnin gadojin ke ɗiban ruwa. Wilfred ya duba gaba ya duba baya, ya ce ba a rubuta ba.

A watan Fabrairun 2000 rikici ya ɓarke a Kaduna tsakanin Musulmi da Kirista. An kashe mutane da yawa, an ƙona gidaje da shaguna. Ba zan ba da wannan labarin a nan ba. Abin da ya shafe mu shi ne bayan an lafa, mutane suka riƙa kwashe kaya suna komawa inda nasu suka fi yawa, Musulmi da dama suka haye arewacin kogi, Kirista suka gangaro kudu. Tanko ya kwashe iyalinsa daga Makera ya koma Tudun Wada, gidan wansa. Sashensa a masaƙa dama ana ta rage mutane, bai dawo aiki ba. Muka ji a bakin wani direba cewa yana nan da rai, yana gyaran injin niƙa. Ba a fara wayar hannu ba a lokacin. Tsakaninmu da shi bas ɗaya ce da gada, amma ba wanda ya je.

Ban je ba saboda tsoro. Akwai kuma kunya, don in na je ban san da wace magana zan fara ba.

Muka yi wata biyu ba wasa. Bayan bikin Ista Wilfred ya ce zaman shiru ba zai gyara komai ba, muka koma baranda mu uku da littafi. Maharbin Tanko yana tsaye a ƙofar wani masauƙi inda ya bar shi, kullum sai mun wuce ta gabansa, har Ben ya roƙa a canza hanya. A nan littafin ya yi mana rana, wannan ma dole in faɗa. Ƙasa ce da ba ta san mu ba. Ba kogin da ya yi kama da namu, ba sarki mai sosa kunne da biro, ba garin da sunansa zai tuna maka da kowa. Awa uku a mako muna cikin ƙanƙara, muna hutawa da Kaduna. Celina dai ba ta daina fito da buta da tabarma ba, sai ta ajiye ta tuna, ta mayar.

Wata Lahadi a ƙarshen Agusta muka iso muka tarar Zabuwa ce a tebur. Littafin yana kan kujera.

"Oga, mun yi zaɓe fa," in ji Wilfred. "Ko juyin mulki ne?"

"Ba juyin mulki ba ne," in ji Sylvanus. "Wani ne ya iso yau."

Na duba hamadar arewa ban ga allura ba, sai layin ƙananan huji, gida bayan gida, har bakin takarda. Na ƙirga daga baya, ashirin da takwas ne. Sylvanus ya ɗaga kwalin da hannu biyu ya lanƙwasa shi a hankali, ya mayar da shi ganga, bakin sama ya taɓa na ƙasa. Rairayin sama da na ƙasa suka zama hamada ɗaya. Wani dutse da na sha gani rabi a can sama, ina cewa takarda ce ta ƙare masa, ya haɗu da rabinsa. Layin hujin ya tsallake mahaɗar bai karkace ba, ya ci gaba, wani ashirin da takwas ɗin. A ƙarshensa ga allura mai jan kai, a gidan ƙarshe na rairayi, a kudu, gida tara daga garin da muka ajiye mutanenmu.

Shekara goma sha biyu ina kallon takardar nan ban gani ba.

Celina tana daga bakin ƙofa ta ce, "Kowace Lahadi in kun tafi sai ya shiga ya matsar da ita. Har mako biyun da muka kwana a barikin soja lokacin rikici, da muka dawo sai da ya biya bashin gida biyun da ya tsallake." Ta ce da farko ta yi masa faɗa, daga baya ita ke tuna masa.

"Umarninsa ya ƙare," in ji Sylvanus. "Ya ce har sai rairayi ya ƙare. Ga shi ya ƙare. Yanzu yana tsaye, jarkokinsa babu ruwa."

"To ka shigo da shi gari mana," in ji Ben. "Gida tara ne kawai."

"Ba mai motsa mutumin wani."

Ya faɗe ta kamar yadda yake faɗa kullum, ba ɗaga murya. Sannan ya shiga ɗaki ya sa takalmin cocinsa, ya naɗe Zabuwa ya zura ta a leda saboda hadari ya haɗo. Sai a lokacin muka gane wajen Tanko za shi. Wilfred ya ce a bari a aika direba da takarda. Sylvanus ya ce mai wasa sai ya ga ƙasa da idonsa kafin ya yi motsi. Celina ta dube shi, ta dubi ledar, ta koma ciki ta ɗauko masa lema. Ba wanda ya ce zai raka shi. Ni na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ka gaishe shi."

Muka zauna a barandar nan mu uku. Aka yi ruwa aka ɗauke. Wilfred ya buɗe littafin ya rufe ya fi sau goma. Ni haushin Sylvanus nake ji, mutum da 'ya'ya huɗu zai haye gada saboda allura. Ƙarƙashin haushin kuma na san da ni ce na riƙe ƙasar, da tuni na zare allurar na mayar da ita cikin kayan ɗinki.

Rana ba ta faɗi ba ya dawo, wandonsa duk taɓo, da ƙullin dabino da Talatu matar Tanko ta ba Celina. Ya shimfiɗa Zabuwa. Allurar ta matsa gida ɗaya tak, ta fito daga rairayi. Kusa da ita an yi ɗan da'ira da shuɗin biro.

"Mene ne wannan?" in ji Wilfred.

"Rijiya. Ya jefa, ya samu biyar, ruwa ya fito. Ya ce jakinsa ya gaji, ba zai ƙarasa gari ba. Yana nan zaune a bakin rijiyar." Sylvanus ya cire takalmi yana duba taɓon. "Ya ce shi ya yi gida hamsin da bakwai. Saura takwas, wannan naku ne."

Ba a sake zaɓe ba. Littafin bai ɓata ba, Wilfred ya kai shi makarantarsu, na ji har yanzu akwai waɗanda suka fara wasan a cikinsa suna yi da nasu 'ya'yan. Mu ma mun koma masa lokaci-lokaci a shekarun baya, musamman in Sylvanus ya ce a ba shi mako guda mako gudan ya zama wata. Masaƙar ta rufe bayan shekara biyu, ya koma rubuta allunan shaguna a Unguwar Boro, kuma ko allon mai aski ya zana sai ka ga adon gefen ya zagayo ya haɗu. Haka ya yi ta yi har ciwon suga ya kwantar da shi.

Amma Lahadin da ta biyo bayan rijiyar, mu huɗu muka shiga bas a Kakuri bayan an tashi coci. Na yafa gyale, abin da ban saba ba. Da muka hau gada na riƙe ƙarfen kujerar gaba, Ben kuma, dikin guda, yana ta karanta lambar motocin da ke wucewa a bayyane kamar an tambaye shi. Ba abin da ya faru. Muka sauka, Sylvanus ya shige gaba da ledarsa, muka bi shi lungu biyu.

Tanko yana zaure ya shimfiɗa tabarma, ya ajiye ɗan lidon da ya aro. Ya rame, gemunsa ya yi fari. Aka gaisa, aka yi wa juna jaje, kowa ya ambaci wanda ya rasa a gajarce. Talatu ta kawo kunun zaƙi. Ina ta juya maganar da na shirya tun a bas, ta ba da haƙuri, ta ƙi fitowa. Da aka shimfiɗa Zabuwa sai na nuna layin hujin na tambaye shi wani abu dabam.

"Malam Tanko, ranar da ka shiga hamadar nan, ka san ta kudu za ka ɓullo?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi ko ruwa na jiƙa kaya.

"Madam Dokas, shekara goma sha tara ina ɗaura rolar mutumin nan a inji," ya ce. "Bai taɓa ba ni zanen da bai haɗu ba."

Sylvanus yana gyara zaman kwalin, bai ɗago ba. Tanko ya turo mini ɗan lidon, ya ce ni ce da jefawa.